Awon Suga a Gadon Wanda Ba Ya Iya Magana

(Kiɗan buɗe shiri)

    

Yau za mu leƙa ɗakin da ba a cika barin dangi su shiga ba, ɗakin kulawa ta musamman, wanda ma'aikatan asibiti ke kira ICU. Nan ake kwantar da wanda ciwo ya kai gargara: wanda ya yi haɗarin mota, da macen da ta yi jijjiga ko zubar jini wajen haihuwa, da wanda ƙwayar cuta ta shiga jininsa, da wanda aka yi wa babbar tiyata. A yankinmu, mai irin wannan larura akan nufi Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni da shi a nan Dutse, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, wani lokaci kuma a wuce Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Dangi suna waje a kan tabarma, idonsu na kan ƙofa. In nas ta fito ta ce suga ya hau, sai hankali ya tashi. In ta ce ya sauka, sai a yi hamdala. Hamdala tana da kyau a kowane hali, amma ina so daga yau a haɗa ta da tambaya: ya sauka zuwa nawa?

Za mu fara da abin da ke ba mutane mamaki. Sau da yawa za ka ji ɗan uwa yana rantsuwa cewa mahaifinsu bai taɓa ciwon suga ba, yaya za a ce ana yi masa allurar insulin? Gaskiyarsa, kuma likitan ma gaskiyarsa. Idan jiki ya shiga mawuyacin hali, yakan saki wasu sinadarai irin su adirenalin da kotisol. Su ne ke sa hanta ta yi ta zuba suga cikin jini, su kuma sa tsoka ta daina jin maganar insulin ɗin da jiki ke yi da kansa. Ga ƙarin ruwan da ake ɗaura wa mara lafiya, wani akwai suga a cikinsa. Ga magunguna irin su dexamethasone, wanda likitoci ke amfani da shi a ciwo mai tsanani, shi ne kuma wasu ke saya a kemis su sha don su yi ƙiba, abin da ba na ba kowa shawarar yi. Shi ma yana ɗaga suga. Saboda haka mutum zai iya shiga ɗakin nan ba shi da ciwon suga, amma awo ya nuna 250.

Suga mai yawa ba alheri ba ne ga wanda ke kwance. Yana raunana ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta, yana sa rauni da ɗinkin tiyata su daɗe ba su warke ba. In ya haura wajen 180, ƙoda takan fara zubar da shi a fitsari, ya tafi da ruwan jiki da gishirinsa. Amma ɓarnarsa a hankali take zuwa, cikin sa'o'i da kwanaki. Ɓarnar suga da ya faɗi ƙasa kuwa gaggawa gare ta, domin ƙwaƙwalwa da suga take aiki kuma ba ta da rumbun ajiya. Mai lafiya in sugansa ya faɗi zai ji yunwa, ya yi gumi, jikinsa ya yi rawa, ya nemi abin sa wa a baki. Wanda aka yi wa allurar barci aka jona masa injin numfashi fa? Ba zai ce komai ba. Zai ci gaba da kwanciya shiru kamar yadda yake ɗazu, alhali ƙwaƙwalwarsa na lalacewa. Babu mai gane hakan sai wanda ya zo ya auna.

Kafin mu ci gaba, bari mu daidaita lambobi, domin akwai ruɗani. Ma'auni biyu ake amfani da su. Yawancin ƙananan na'urorin da ake saye a ajiye a gida suna ba da lamba babba, ta miligiram, irin su 110 ko 180. Ɗakin gwaje-gwaje na asibiti kuma sau da yawa yana rubuta ƙaramar lamba, ta milimol, irin su 6 ko 10. In ka raba babbar da 18, ka sami ƙaramar. Wato 180 shi ne 10, 70 kuma shi ne 3.9. Wanda aka ce masa sugan mahaifiyarsa 15 ne, kada ya ɗauka ya yi ƙasa. A ma'aunin gida 270 ke nan. A shirin yau da babbar lambar zan yi magana.

To, nawa ya kamata a riƙe sugan wanda ke ɗakin kulawa ta musamman? Likitocin duniya sun sha muhawara a kan wannan, kuma labarin ya cancanci a ji shi.

A da, likitoci ba sa damuwa sosai sai suga ya wuce 200. A shekarar 2001, wata likita a birnin Leuven na ƙasar Beljiyam, Farfesa Greet Van den Berghe, ta fitar da sakamakon binciken da ta yi a kan marasa lafiya 1,548, yawancinsu waɗanda aka yi wa tiyatar zuciya. Rabi aka matse sugansu da insulin ta jijiya tsakanin 80 da 110, kamar na mai lafiya da bai karya ba. Sauran aka bi da su yadda aka saba. A cikin waɗanda aka bi da su yadda aka saba, kashi 8 cikin 100 suka rasu a ɗakin. A cikin waɗanda aka matse wa suga, kashi 4.6 ne. Duniyar likitoci ta ɗauka, asibitoci a ƙasa da ƙasa suka sauya ƙa'idarsu, kowa na neman 110.

Ba a jima ba aka fara ganin abin bai zo da sauƙi haka ba. Wani bincike a Jamus, da aka buga a 2008, sai da aka dakatar da shi kafin lokacinsa saboda yawan faɗuwar suga. Sannan a 2009 aka fitar da babban binciken da ake kira NICE-SUGAR, wanda aka yi a kan mutum 6,104, mafi yawa a asibitocin Ostireliya da New Zealand da Kanada. Bayan kwana 90, kashi 27.5 cikin 100 na waɗanda aka matse wa suga sun rasu. Na waɗanda aka bar sugansu ƙasa da 180 kawai, kashi 24.9. Wato matsewar ta ƙara mace-mace. Sai aka duba sau nawa suga ya faɗi zuwa 40 ko ƙasa da haka: kashi 6.8 a ɓangaren matsewa, kashi 0.5 a ɗaya ɓangaren. Daga nan aka dawo kan ƙa'idar da yawancin asibitoci ke bi yau: a fara insulin idan suga ya tsaya a 180 ko sama, a riƙe shi tsakanin 140 da 180.

Mutanen Leuven ba su haƙura ba. A 2023 suka sake fitar da wani bincike a kan mutum 9,230, wannan karon kwamfuta ce ke lissafa wa nas yawan insulin. Faɗuwar suga ta ragu ƙwarai, amma matsewar ba ta rage mutuwa ba, ba ta kuma rage kwanakin da ake yi a ɗakin ba. A ganina wannan ya ishe mu hujja. Inda ake da nas a gefen kowane gado, da injin da ke auna jinin jijiya nan take, da wutar da ba ta ɗaukewa, sun matse suga ba su ga wata riba ta a-zo-a-gani ba. Mu da nas ɗaya ke kai-komo tsakanin gadaje da dama cikin dare, neman 100 a jikin wanda ba ya hayyacinsa ganganci ne. Don haka ɗan uwa, in ka ga an rubuta 160 a takardar mara lafiyarka, likita kuma bai ƙara insulin ba, kada ka ce sakaci ne. Da gangan ya bar shi.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, har yanzu kuna tare da shirinmu na kiwon lafiya. Mun zo kan gundarin maganar: ta yaya za a gane an kula da sugan mara lafiya yadda ya kamata?

Abin da aka fi saurin yi shi ne a tara lambobin da aka samu a raba, a ce matsakaicinsu kaza. Bari in ba ku misali. Ga mutum biyu, kowanne an auna shi sau huɗu. Na farko: 150, 160, 155, 155. Na biyu: 290, 50, 235, 45. Ku tara ku raba gida huɗu, kowannensu 155 za ku samu. A takarda duka biyun sun yi kyau. Amma na biyun sau biyu yana leƙa bakin kabari a rana ɗaya. Manomi zai fi kowa gane wannan. Ana iya auna ruwan da aka yi a damina a ce jimillarsa daidai take da ta bara, alhali an yi fari lokacin da gero ke fitar da kai, sannan ruwan ya zo a dunƙule a watan Agusta ya kwantar da abin da ya rage. Jimilla ta cika, rumbu babu komai.

Shi ya sa masu nazarin wannan aiki suka daina dogara da matsakaici shi kaɗai. Abin da suka fi sa wa ido shi ne sau nawa suga ya faɗi ƙasa da 70, sau nawa kuma ya kai 40. In ya faɗi, minti nawa aka ɗauka kafin a ba da ruwan suga ta jijiya, kuma an sake aunawa bayan kamar minti 15 ko an tafi an bar shi? Suna duba hawa da saukar, domin bincike da dama sun nuna waɗanda sugansu ke tsalle-tsalle sun fi mutuwa a kan waɗanda nasu ya zauna wuri ɗaya, ko da matsakaicinsu iri ɗaya ne. Suna kuma lissafa, cikin sa'o'i 24, sa'a nawa suga ya yi a cikin iyakar da aka sa masa.

Amma akwai tambayar da ta riga waɗannan duka, kuma ita ta fi shafar mu: sau nawa aka auna? Ƙa'ida ita ce wanda insulin ke shiga jijiyarsa a riƙa auna shi duk awa ɗaya ko biyu har sai ya daidaita, sannan a koma duk awa huɗu. Duk awa ɗaya, tsinken gwaji 24 ke nan a rana ga mutum ɗaya, kuma a asibitocinmu da yawa aljihun dangi ne ke ɗaukar wannan. In tsinke ya ƙare da ƙarfe goma na dare, ba a sake aunawa ba sai shida na safe, takarda za ta nuna suga bai taɓa faɗuwa ba. Ba ta yi ƙarya ba, ba a duba ba ne kawai. Takardar da ke cike da lambobi, wasu ma marasa kyau, kowace da abin da aka yi a kanta, ta fi kwantar mini da hankali a kan wadda ke da lambobi uku masu kyau da fili a tsakaninsu.

Ita kanta na'urar ba kullum take faɗin gaskiya ba. An ƙera ta ne don mai ciwon suga da ke zaune a gidansa, jininsa na gudana daidai. Wanda jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, hannunsa ya yi sanyi ko ya kumbura, jinin da za a matso daga yatsarsa ba lallai ya yi daidai da wanda ke zuwa ƙwaƙwalwarsa ba. Irin wannan daga jijiya ya kamata a ɗauki jini. Sannan ga ƙarancin jini, wanda ya yi mana katutu, musamman a mata masu haihuwa da yara. In jini ya yi ƙaranci sosai, na'urori da yawa sukan ba da lambar da ta fi ta gaskiya, sai a ga 80 alhali ainihin sugan ya yi ƙasa da haka. Tsinken ma ba ya son zafi da danshi, kun kuma san yadda Dutse take a watan Afrilu. Kwalbar da aka bari a buɗe, ko aka ajiye a taga, ko wa'adinta ya wuce, lambarta abin tuhuma ce. Likitan da ya ga lamba ta saɓa wa abin da idonsa ke gani a jikin mara lafiya, ya aika jini ɗakin gwaji don tabbatarwa, ba ɓarnar kuɗi ya yi ba.

Wani abu kuma, ba kowane jiki ne ke son lamba ɗaya ba. Dattijon da ya shekara goma sugansa na yawo a 250, jikinsa ya saba da hakan. In aka sauko da shi 100 a dare ɗaya, zai iya jigata kamar wanda sugansa ya faɗi. Akwai gwajin jini mai suna HbA1c da ke nuna yadda suga ya kasance cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce, shi ke taimaka wa likita ya bambance tsohon ciwon suga da wanda tsananin ciwo ya tayar. Sai dai a jikin mai sikila, ko wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, sakamakonsa na iya karkacewa.

Duk binciken da na ambata a ƙasashen Turawa aka yi su, inda babbar damuwa ita ce suga mai yawa. A nan gida, musamman a ɗakin yara, faɗuwar sugan ce ta fi kisa, ko da ba a yi insulin ba. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana cinye suga: ƙwayar cutar na ci, yaron ba ya cin abinci, hanta ta gaji. Allurar kwinin kuma tana sa jiki ya ƙara sakin insulin, abin da ya fi tsanani a masu juna biyu. A 2010 aka fitar da binciken da aka yi a kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara, har da Najeriya a Ilorin. Kashi 10.9 cikin 100 na waɗanda aka yi wa kwinin sun rasu, na waɗanda aka yi wa artesunate kashi 8.5, faɗuwar suga ma ta fi ƙaranci a ɓangaren artesunate. Shi ya sa yanzu artesunate ce a gaba. Haka yaro mai tamowa: a cikin matakai goma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara don jinyarsa, na farko shi ne hana faɗuwar suga, shi ya sa ake ba shi madarar asibiti kaɗan-kaɗan duk awa biyu ko uku, dare da rana. Iyaye mata, in nas ta tashe ku cikin dare ta ce lokacin madara ya yi, ku daure ku tashi. Yaron da aka kawo a sume ko yana jijjiga, awon suga na cikin abubuwan farko da ya kamata a yi masa tun a ƙofar shiga.

Ga 'yan uwana ma'aikatan lafiya da ke saurare, wannan bitar ba ta jiran kwamfuta. Littafi da biro sun isa. A ƙarshen wata a ɗauko takardun waɗanda aka yi wa insulin, a ƙirga awo nawa aka tsara, nawa aka yi, nawa suka yi ƙasa da 70, nawa suka wuce 180, a kuma duba da ƙarfe nawa faɗuwar ta fi aukuwa. Sanannen abu ne a wannan aiki cewa suga yakan faɗi idan an tsayar da abinci amma insulin na ci gaba da shiga: bututun hanci ya fita, ko mara lafiya ya yi amai, ko an hana shi abinci saboda za a shiga tiyata, ko ƙarin ruwa ya ƙare ba a lura ba. In lissafin ya nuna hakan na faruwa a wani lokaci na musamman, an san inda za a gyara, ba tare da an nuna wa kowa yatsa ba.

Ku kuma masu jinya, akwai abin da ke hannunku. Ranar da aka kwantar da mara lafiya, ku kawo duk maganin da yake sha a gida, likita ya gani da idonsa. Akwai ƙwayar ciwon suga mai suna glibenclamide, wadda aka fi sani da Daonil, da kan daɗe tana aiki a jiki, musamman in ƙoda ta samu matsala, har ta yi ta kayar da suga fiye da yini guda. Ku faɗi jiƙe-jiƙen da ake ba shi, ko garafuni ne, ko shuwaka, ko wani haɗi da aka sayo a kasuwa. Ba don a yi muku faɗa ba ne, don a san da me ake fama.

Kada ku ɗura wa wanda ba ya hayyacinsa komai a baki. Na san da ƙauna ake yi, wani zuma, wani kunu, wani dabinon nan namu na Dutse da aka jiƙa, wani rubutu. Wanda ba ya iya haɗiya, abin huhunsa zai tafi. Ko mai iya haɗiyar ne, lemon kwalba ɗaya da aka ba shi a ɓoye zai ɗaga suga, nas ta ga lamba ta hau ta ƙara insulin, bayan sa'o'i kaɗan lemon ya wuce, insulin ya rage yana aiki. In kuna son a ba shi wani abu, ku nemi izini. Kada kuma ku taɓa ƙarin ruwa don ya yi sauri ko ya rage gudu.

Tambaya kuwa haƙƙinku ce, a yi ta cikin ladabi. Ka ce: "Sista, sannu da aiki. Don Allah sugan Baba nawa ne yanzu, kuma yaushe za a sake aunawa?" Ko ka ce wa likita: "Ranka ya daɗe, ko ya taɓa faɗuwa tun jiya? Akwai isasshen tsinken gwaji da zai kai mu safe, ko in nemo?" Wannan ta ƙarshen, a yi ta tun da rana, kafin a rufe kantin magani.

In Allah Ya sa an sallami mara lafiya, a tambayi likita ko zai ci gaba da maganin suga ko an tsayar. Kada a ci gaba da allura a gida don kawai an ga ana yi a asibiti, kada kuma a yanke ta ba tare da izini ba. Wanda sugansa ya hau saboda tsananin ciwo sannan ya sauka, ya koma a sake auna shi bayan 'yan watanni, domin irinsu sun fi sauran mutane yiwuwar kamuwa da ciwon suga daga baya.

Nan za mu dakata a shirin yau. A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu yi magana a kan ajiye insulin a gida lokacin bazara, ga wanda ba shi da firji. 

(Kiɗan rufe shiri)